Darasi Na Tara: Taba Sigari, Aljihu Da Lafiya

Da safe a bakin tasha, mai tebur ya jera kayansa: alewa, biskit, ashana da kwalin sigari a buɗe. Wani yaro ya zo da kuɗi a hannu, ya ce, "Babana ya ce a ba ni kara biyu." Mai tebur ya miƙa masa. A hanya yaron ya ɗora karan a baki yana kwaikwayon babansa. Yawancin masu shan taba haka suka fara, tun suna yara.

Me ke cikin hayaƙin taba?

Masana sun gano cewa hayaƙin sigari yana ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kuma kusan 70 daga ciki suna haddasa ciwon daji. Akwai nikotin, wanda ke kama mutum har ya kasa dainawa. Akwai wani baƙin danƙo mai kama da kwalta, wanda ke liƙe wa huhu. Shi ne ke rina haƙora da yatsu. Akwai kuma iska mai guba irin wadda ke fita daga janareta, tana hana jini ɗaukar iska mai kyau.

Sannu a hankali tari ya zama na kullum, numfashi ya yi gajere. Daga baya sai ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon daji na huhu da maƙogwaro. Taba tana ƙara tsananta tarin fuka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe mutane fiye da miliyan 7 kowace shekara. Fiye da miliyan 1 daga cikinsu ba su taɓa kunna sigari ba, hayaƙin wasu suka shaƙa. Mace mai ciki da ke kwana ɗaki ɗaya da mai shan taba tana iya haifar jariri mara nauyi. Yaran gidan kuma su yi ta fama da tari da ciwon kunne. Shisha da taba gari su ma taba ne, ba su da sauƙin illa.

Mu yi lissafi

A ce kara ɗaya naira 50 ne, mutum yana shan kara 10 a rana.

A rana: naira 500.
A wata: naira 15,000.
A shekara: naira 182,500.

Wannan kuɗi zai sayi hatsi, ya biya kuɗin makaranta, ko ya zama jarin sana'a. Mai shan taba yana biya sau biyu: sau ɗaya wurin mai tebur, sau ɗaya a asibiti. Ranar da ya kwanta, kasuwa ta tsaya, iyali su shiga cin bashi.

Me doka ta ce?

A shekarar 2015 Nijeriya ta kafa dokar hana yaɗuwar shan taba. Dokar ta hana sayar wa yaron da bai kai shekara 18 ba. Ta hana sayar da sigari kara-kara, sai dai kwali. Ta hana tallar taba, ta kuma hana shanta a asibiti, makaranta da motar haya. Ranar 31 ga Mayu ta kowace shekara duniya ke tunatar da mutane illar taba.

Aikin unguwa

Doka tana takarda, mu ne muke zaune da yaranmu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai unguwa zai iya tara masu tebur da masu shago, a yi alkawarin ba za a sayar wa yaro ba. Liman da malamin makaranta su yi nasiha. Ƙungiyar direbobi ta hana kunna sigari cikin mota. Uba kuma kada ya aiki ɗansa sayen taba, kada ya sha a ɗaki.

Wanda ya riga ya kamu, kada a wulaƙanta shi. Ɗan'uwanmu ne, nikotin ne ya riƙe shi. Ya sa ranar dainawa, ya gaya wa iyali da abokai, ya jefar da kwalin da ya rage. Idan sha'awa ta taso, ya sha ruwa, ya tashi ya taka, cikin mintoci kaɗan za ta lafa. Azumin Ramadan dama ce babba, domin wanda ya jure tun asuba har magariba zai iya ci gaba. Idan abin ya yi wuya, ya je wurin likita. Bayan shekara ɗaya da dainawa, haɗarin ciwon zuciya yana raguwa da kusan rabi.

Tambayoyi

1. Wane sinadari ne ke sa mutum ya kasa daina shan taba?
2. Idan kara ɗaya naira 50 ne, nawa mai shan kara 6 a rana zai kashe a kwana 30?
3. Faɗi abubuwa biyu da dokar 2015 ta hana.
4. Rubuta abu ɗaya da za ka yi a unguwarku don kare yara daga taba.