Darasi na Bakwai: Durƙushewar Haƙar Kwal a Inugu

An gano kwal a Udi, kusa da Inugu, a shekarar 1909, aka kuma shiga haƙarsa gadan-gadan a 1916. Da shi jiragen ƙasa suke tafiya a wancan zamani, har da masu kwasar gyaɗa daga Kano. Wajen 1958, abin da ake haƙowa a shekara ya kai kimanin tan 900,000.

Abin lura shi ne, kwal bai ƙare a ƙarƙashin ƙasa ba, masu sayensa ne suka janye. Hukumar jiragen ƙasa ta koma ga man dizal, sannan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya sa aka yi watsi da ramukan har ruwa ya cika su. Dubban leburori suka rasa aikin yi, cinikin masu abinci da masu gidajen haya ya ja baya. Baitulmalin gwamnati kuwa bai girgiza sosai ba, domin fetur da aka gano a Oloibiri a 1956 ya rufa masa asiri.

Ta nan ne batun ya shafi Dutsin-Ma da Kurfi. Ba a haƙar kwal a cikinsu, amma galibin kuɗin waɗannan ƙananan hukumomi, har da albashin malaman firamare, daga asusun tarayya yake fitowa, asusun da fetur ke da kaso mai tsoka a ciki. Da farashinsa ya faɗi a 2015, jihohi da dama sun yi watanni ba su biya albashi ba.

Jinga: Kwatanta durƙushewar kwal da ta cinikin gyaɗa a ƙasar Katsina.