Dillancin Hannun Jari da Takaful: Wace Takardar Shaida Za Ki Nema?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa.

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi wadda ta yi karatu, ta yi aure, yanzu kuma take son shiga aikin sayar da hajar kuɗi, wato hannun jari, ko sukuk, ko takaful. Haka nan ya shafi uwar da 'yarta ko ƙanwarta ta zo neman shawara a kan wannan hanya.

'Yar'uwa, dillanci ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kin san dillaliya, mai shiga gida-gida da atamfa da sarƙa. Ba kayanta ba ne, amma ta san farashi, ta san mai buƙata, kuma ana ba ta la'ada idan ciniki ya faɗa. Jarinta guda ɗaya ne, shi ne amana. To aikin da muke magana a kai shi ma haka yake, sai dai hajarsa takarda ce, kuma hukuma ba ta bari a yi shi sai da jarrabawa da rajista.

Matsayin dillanci a Musulunci

Imam Bukhari ya ware babi a kan ladan dillanci, inda ya kawo cewa magabata irin su Ibn Sirin da Aɗa'u da Hasanul Basri ba su ga laifi a kansa ba. Nana Khadija (RA) kuwa kin san da dukiyarta ake fatauci zuwa Sham. Saboda haka asalin aikin halal ne. Inda gizo ke saƙa shi ne hajar da za ki tallata. Ki koma Suratul Baƙara daga aya ta 275 zuwa ta 279 ki ga tsananin hukuncin riba. Hadisin Jabir (RA) da ke cikin Sahihu Muslim ya nuna cewa laifin bai tsaya kan mai ci da mai bayarwa ba, ya haɗa har da mai rubutawa da shaidu. Ke nan mai talla ba za ta ce ita 'yar aike ce kawai ba.

Don haka kada ki fara da tambayar wace takarda ce ta fi suna. Ki fara da tambayar: me zan sayar, kuma wa zan sayar wa? Amsar ita ce za ta nuna miki takardar da ta dace da ke.

Na ɗaya: dillancin hannun jari

Kasuwar hannun jari ta Nijeriya an kafa ta a Legas a 1960, kuma tun 2021 ake kiranta NGX. Wanda zai saya wa mutane hannun jari a cikinta sai ya bi ta Cibiyar Ƙwararrun Dillalan Hannun Jari, wadda aka fi sani da CIS, da doka ta kafa a 1992. Mai digiri ko babbar difloma tana iya rajistar jarrabawarsu, kuma ba dole sai ta karanta lissafi ko tattalin arziki ba. Amma ki sani, cin jarrabawa shi kaɗai bai isa ki fara karɓar kuɗin mutane ba. Sai kin shiga wani kamfanin dillanci mai lasisi, shi ne zai gabatar da ke ga hukumar da ke sa ido kan kasuwar, wato SEC, ta yi miki rajista.

A nan Musulma tana da abin yi. Tun 2012 kasuwar take da jerin kamfanonin da aka tace bisa ƙa'idar shari'a, tare da haɗin gwiwar kamfanin Lotus Capital wanda Hajara Adeola ta kafa a 2004. Ga kuma sukuk: jihar Osun ta fitar a 2013, gwamnatin tarayya ta fitar da nata na farko na naira biliyan 100 a 2017 don gina hanyoyi. Duk waɗannan sai da mai bayyana wa jama'a su, kuma matan da ke cikin gida sun fi sakewa da mace 'yar'uwarsu.

Na biyu: inshora da takaful

Idan takaful ne ya kwanta miki, cibiyar da za ki dosa ita ce ta ƙwararrun inshora, CIIN, hukumar da ke ba da lasisi kuma ita ce NAICOM, wadda ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013. Ki lura da bambanci a nan. Akwai wakiliya, wadda take tallata hajar kamfani, tana kuma tsaya wa kamfanin. Akwai dillali, wanda yake tsaya wa mai saye, ya zagaya kamfanoni ya nemo masa wanda ya fi. Wakilci ya fi sauƙin shiga, kuma sau da yawa ke ce mai tsara lokacinki, abin da ya dace da mai ƙananan yara. Sai dai yawanci la'ada ce, watan da ba ki sayar ba babu komai.

Na uku: aikin banki

Mai son aiki a banki sai ta nemi takardar cibiyar ma'aikatan banki, CIBN. A da wannan ƙofa ta yi wa Musulma ƙunci. Amma bankin Jaiz ya buɗe a 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021, duk ba su mu'amala da kuɗin ruwa. Abin da zan ja kunnenki a kai shi ne sashen talla. Tun lokacin haɗe bankuna na 2005 aka yi ta kuka da yadda ake ɗora wa mata ma'aikata adadin kuɗin da dole su kawo, su yi ta bin ofisoshin masu kuɗi. Kafin ki sa hannu a takardar aiki, ki tambaya: nawa ake so in kawo, cikin wane lokaci, kuma me zai faru idan ban cika ba?

Takardun ƙasashen waje

Za ki ji ana zuzuta CFA ta Amurka. Gaskiya takarda ce mai daraja, amma matakai 3 ce, kowane mataki ana ba da shawarar karatun awa 300, kuɗin kuma da dala ake biya, sannan sai an nuna aikin awa 4,000 cikin aƙalla wata 36. An yi ta ne don masu nazarin kamfanoni da juya dukiya mai yawa, kuma ba ta maye gurbin rajistar gida. Idan burinki ki sayar wa matan unguwa da ƙungiyoyi sukuk, ɗaukar ta tun farko kamar sayen tirela ne don kai niƙa.

Wanda ya fi kusa da buƙatarki shi ne ilimin hada-hadar kuɗi ta Musulunci. Akwai AAOIFI da ke Bahrain, wadda take tsara ƙa'idoji tana kuma ba da takardun ƙwarewa. Akwai IFQ ta wata cibiya da ke Landan. A gida kuma Jami'ar Bayero ta Kano tana da cibiyar koyar da wannan fanni. A nan za ki koyi yadda ake tace kamfani. Misali, a ƙa'idar AAOIFI, bayan an tabbatar asalin sana'ar kamfanin halal ce, bashinsa mai ruwa kada ya wuce kashi 30 cikin 100 na darajarsa a kasuwa, kuɗin shigarsa da ya gurɓata kuma kada ya wuce kashi 5, wanda za a fitar a yi sadaka da shi. Kin ga wannan ilimin shi ne zai ba ki bakin amsa idan Hajiya ta tambaye ki ko kuɗinta zai shiga haram.

Kafin ki biya ko kwabo

Da farko ki zauna da maigida ku fahimci juna, ya san shekarun da karatun zai ci, da kuɗin, da lokutan fita. Wanda aka shawarta tun farko shi ne mai riƙe miki yara ranar jarrabawa. Na biyu, ki lissafa kuɗin duka: rajista, littattafai, darasi, mota, da kuɗin maimaici idan an faɗi. Na uku, ki tuntuɓi cibiyar da kanta, domin sharuɗɗa da kuɗi suna sauyawa. Na huɗu, ki nemi wata da take cikin aikin ta faɗa miki yadda yininta yake.

Sannan ki yi hattara da masu horon kwana uku, waɗanda za su ba ki takarda mai ƙyalli su ce ki kawo mutane a ba ki kaso. Kin tuna MMM da ta daskarar da kuɗin jama'a a Disamba 2016, da CBEX da ta rushe a Afrilu 2025. Da yawa sun shiga ne ta hannun wanda suka yarda da shi. Kamfani ya gudu, amma wanda ya kawo su yana nan cikin unguwa, kullum ana sallama a ƙofarsa. Duk kamfanin da zai sa ki talla, ki duba sunansa a jerin SEC ko NAICOM ko Babban Banki. Idan babu, ki kama kanki.

Ko halastacciyar kasuwa ma tana faɗuwa. A 2008 farashin hannun jari ya rikito, waɗanda suka ci bashin banki suka saya sun ɗanɗana kuɗarsu. Saboda haka kada ki taɓa yi wa kowa alkawarin riba tabbas. Ki faɗi riba, ki faɗi asara. Kuɗin da za a miƙo miki wata ƙila na marayu ne, ko gadon wata, ko adashen da aka tara don aikin Hajji. Takarda za ta ba ki izinin karɓa, amma tsoron Allah ne zai sa ki faɗi gaskiya ko da cinikin zai ɓaci.

Ki yi istihara, ki zaɓi guda ɗaya, ki gama ta kafin ki hangi wata. Allah Ya ba mu halal mai albarka, Ya tsare mu daga cin haƙƙin bayinSa, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.