Sabunta Babbar Manhajar Uwar Garke: Ina Makomar Haruffa Masu Lanƙwasa?

Da yawa daga cikinmu ɗaliban harshe mun tara rubuce-rubuce masu yawa: tatsuniyoyi, hirarrakin da muka naɗa, jerin kalmomin karin harshe. Wasu kan ajiye su a uwar garke tasu ta kansu, wato kwamfutar da ba a kashewa, wadda sauran kwamfutoci ke ɗibar bayanai daga cikinta. Ni ma irinta nake kula da ita a nan Abuja. A wannan darasi zan yi bayanin yadda ake sabunta babbar manhajarta ba tare da an yi asarar Hausar da ke ciki ba.

Bari mu ɗauki Ubuntu, wadda kamfanin Canonical ya fara fitarwa a 2004. Duk bayan shekara biyu, a watan Afrilu, akan fitar da zubi mai dogon zango, kuma lambar ita ke faɗin lokacin: 22.04 na nufin Afrilun 2022. Shekara biyar ake yi ana aiko masa da gyaran tsaro kyauta, na 18.04 ya ƙare a 2023, na 20.04 a 2025. Daga nan kwamfutar ta zama gida marar ƙyaure.

Ba a tsallake. Mai 18.04 sai ya bi ta 20.04, sannan 22.04. Umarnin shi ne do-release-upgrade. Amma kafin ka taɓa shi, kwafe komai a wani faifai na daban, ka kuma buɗe kwafin ka tabbata yana karantuwa. Sannan ka tanadi batir ko janareto, domin idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, kwamfutar na iya ƙin tashi. Mutumin Kubwa ko Gwagwalada ba sai an yi masa dogon bayani ba. Faifan da na'urar riƙe wuta duk ana samu a Banex da ke Wuse 2.

To, ga inda gizo ke saƙar. Ubuntu 18.04 na zuwa da rumbun bayanai na MySQL 5.7, wanda tsarinsa na asali shi ne latin1, tsarin da bai san ƙ da ɗ da ɓ ba. A tsarin UTF-8 kuwa, kowanne daga cikinsu gurbi biyu yake ci. Sau da yawa an zuba Hausa a rumbu mai latin1, ana ta karantawa lafiya lau shekara da shekaru, saboda ta ƙofar da ta shiga ta nan take fita. Da an koma 20.04 sai a tarar da MySQL 8.0, mai amfani da utf8mb4. Nan take sai ya karanta guraben nan biyu a matsayin haruffa biyu: “ƙasa” ta koma “Æ™asa”, “ɗaki” ya koma “É—aki”. Rubutun bai ɓace ba, fassara shi aka yi ba daidai ba. Kada ka bi kalma-kalma kana gyarawa da hannu. A fitar da rumbun a matsayin latin1, a mayar da shi a matsayin utf8mb4.

Wannan daban yake da matsalar tsofaffin rubuce-rubucen da aka buga da salon haruffan Rabi'at na Farfesa Abdalla Uba Adamu, waɗanda suka taimaki Hausa ƙwarai kafin Unicode ta yaɗu. Su aron gurbin wasu alamomi suka yi, don haka sabuntawa ba ta gyara su, ba ta kuma ɓata su.

Gwajin da nake yi bayan kowane mataki ƙarami ne. Nakan nemi “ƙafa” da “kafa”, sai “ɓata” da “bata”. Idan kowacce ta fito da nata sakamakon, da lanƙwasarta, sannan nake hawa mataki na gaba.