Yadda Za Ka Yi Kwas A Waya Kuma Karatun Ya Zauna: Darasi Daga Malaman Ilimin Halayyar Ɗan Adam

Da yawa daga cikinmu mun taɓa yin rajistar wani kwas a intanet, muka kalli bidiyo biyu ko uku cike da zumuɗi, daga nan kuma ba mu sake waiwayarsa ba. Wasu ma sun kalli bidiyon duka, amma da za a tambaye su bayan mako guda me suka koya, sai kame-kame. Data ta tafi, caji ya tafi, lokaci ya tafi. A darasinmu na yau za mu duba abin da ya faru lokacin da malaman ilimin halayyar ɗan Adam suka mayar da kwasa-kwasansu intanet, da abin da bincikensu ya gano kan yadda ƙwaƙwalwa ke riƙe karatu, sannan mu ga yadda za ka yi amfani da hakan a wayarka.

Kwas ɗin da ya fi ƙarfin aji

A farkon shekarar 2018, Farfesa Laurie Santos ta Jami'ar Yale da ke Amurka ta buɗe wani kwas kan ilimin halayyar ɗan Adam da rayuwa mai daɗi. Ɗalibai kusan 1,200 suka yi rajista, wato kusan ɗaya cikin huɗu na masu karatun digirin farko a jami'ar. Sai da aka mayar da darasin wani babban zauren taro saboda ajin ya yi musu kaɗan. A shekarar ne kuma aka ɗora wani nau'in kwas ɗin a dandalin Coursera da sunan The Science of Well-Being. Da annobar korona ta kulle mutane a gida a 2020, sai jama'a suka yi ta tururuwa, har masu rajista suka kai miliyoyi.

Kafin ita ma, jami'ar ta ɗauki laccocin Farfesa Paul Bloom na gabatarwa ga wannan fanni a 2007, guda 20, ta sake su kyauta. Suna nan a YouTube, duk mai waya zai iya kallo.

To amma samun laccar daban, koyonta daban. A 2019, Justin Reich da José Ruipérez-Valiente na jami'ar MIT sun fitar da nazari a mujallar Science kan kwasa-kwasan da MIT da Harvard suka ɗora a dandalin edX. Sun gano cewa a zangon 2017 zuwa 2018, kusan kashi 3 cikin 100 ne kawai na waɗanda suka shiga suka kammala. Me ya kawo haka?

Abin da ya ɓace a hanya

Bidiyo yana ɗauko maganar malami tsaf, amma akwai abubuwan da ba ya iya ɗaukowa. A aji akwai ƙayyadadden lokaci, akwai malamin da zai iya jefo maka tambaya, akwai abokan da za ku yi musu bayan an tashi, akwai jarabawar da ke jiranka. Waɗannan su ne suke tilasta wa ƙwaƙwalwa ta nemo abin da ta ji. A waya kuwa, babu mai tambayarka komai, ga WhatsApp da TikTok a gefe suna kira.

Ita kanta Santos takan nanata wa ɗalibanta cewa sanin abu kaɗai ba ya canza halin mutum. Shi ya sa ta haɗa kwas ɗinta da ayyukan da ɗalibi zai riƙa yi kowane mako, kamar rubuta abubuwan da yake godiya a kansu, samun isasshen barci da motsa jiki. Kai ma idan kana son kwas ya amfane ka, dole ka gina wa kanka abin da ajin ke yi. Ga matakan.

1. Tsayar da bidiyon ka tambayi kanka

A 2006, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na Jami'ar Washington da ke St. Louis sun ba ɗalibai wani gajeren rubutu. Wasu sun yi ta maimaita karanta shi har zama huɗu. Wasu kuma zama ɗaya suka yi suna karatu, a sauran zama ukun aka karɓe takardar aka ce su rubuta abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaita karatu ne suka yi gaba. Bayan mako guda kuwa sai labari ya sha bamban: masu gwada kansu sun tuna kusan kashi 61 cikin 100, masu maimaitawa kashi 40. Wani abin lura shi ne, masu maimaitawar ne suka fi amincewa cewa za su tuna.

An gwada irin wannan a kan laccar bidiyo ma. A 2013, Karl Szpunar da abokan aikinsa a Harvard sun raba wata lacca mai tsawon minti 21 gida huɗu, suna yi wa wasu ɗalibai gajerun tambayoyi a ƙarshen kowane kashi. Waɗanda aka riƙa tambaya, yawon da hankalinsu ke yi ya ragu da kusan rabi, kuma sun fi rubuta bayanai.

Don haka, duk bayan minti biyar ko shida ka danna tsayawa, ka kifa wayar, ka rubuta abu uku da ka fahimta a littafi ba tare da leƙe ba. Sai ka koma ka duba inda ka kuskure. Idan kwas ɗin yana da tambayoyi a tsakiyar bidiyo, kada ka tsallake su.

2. Kada ka haɗiye kwas a dare ɗaya

Mun san yadda garaɓasar datar dare take ruɗar mutum. Ka ga tana shirin ƙarewa da asuba, sai ka ce bari ka kalli lacca shida a jere. Tun 1885 wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko bayan koyo, kuma bitar da aka rarraba a kwanaki ta fi wadda aka tara a zama ɗaya. Da ma Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa.

Abin da ya fi shi ne ka yi amfani da datar daren wajen sauke bidiyon, ka kwanta ka yi barci, sannan ka riƙa kallon ɗaya-ɗaya a tsawon mako. Manhajar Coursera tana ba da damar sauke darasi don kallo ba tare da intanet ba. Idan a YouTube kake kallo, rage ingancin hoton zuwa 360p ko 240p, tunda muryar malamin ce ta fi muhimmanci.

Don bita kuwa, akwai manhajar AnkiDroid, kyauta ce a wayoyin Android. Za ka rubuta tambaya a gefe ɗaya, amsa a ɗaya gefen, ita kuma ta riƙa dawo maka da tambayar bayan kwana ɗaya, bayan 'yan kwanaki, bayan makonni, gwargwadon yadda kake amsawa.

3. Saurin bidiyo yana da iyaka

Wani bincike da Dillon Murphy da abokan aikinsa suka yi a jami'ar UCLA ya nuna cewa ɗaliban da suka kalli lacca a saurin 1.5x ko 2x ba su yi asarar fahimta sosai ba, amma da aka kai 2.5x sai sakamakon ya faɗi. Sai dai ka tuna cewa laccar da Turanci take, kuma karin harshen malamin Ba'amurke ba irin wanda kunnenmu ya saba da shi ba ne. Fara da saurin da aka ɗauke ta, ka kunna rubutun da ke bin magana a ƙasan bidiyo. Ka bar ƙarin sauri sai lokacin bita.

4. Rufe ƙofar da saƙonni ke shigowa

Wayar da kake karatu da ita, ita ce dai wadda abokanka ke nemanka a kai. Kafin ka fara, kunna Do Not Disturb. A wayoyin Android da yawa, idan ka shiga Settings ka nemi Digital Wellbeing, za ka ga Focus mode, wanda zai dakatar da manhajojin da ka zaɓa har sai ka gama. Idan ka riga ka sauke bidiyon, kashe datar gaba ɗaya ya fi sauƙi.

5. Sa lokaci da wuri, ka nemi abokin tafiya

Masanin halayyar ɗan Adam Peter Gollwitzer ya daɗe yana bincike kan bambancin wanda ya ce "zan yi" da wanda ya fayyace yaushe da kuma a ina zai yi. Na biyun ya fi cika alkawarin da ya ɗaukar wa kansa. Maimakon ka ce za ka yi karatu a makon nan, ce wa kanka: kullum bayan sallar asuba, a ɗakina, minti 30. Saita ƙararrawar waya a kan haka.

Sannan ka nemi mutum biyu ko uku ku yi kwas ɗin tare. Ku buɗe ƙaramin zaure a WhatsApp, duk wanda ya kalli darasi ya turo saƙon murya na minti biyu yana bayaninsa da Hausa. Wanda ya iya mayar da bayanin Farfesa Bloom zuwa Hausa ba tare da duba takarda ba, ya fahimce shi. Wanda ya kasa kuma ya gano inda zai koma.

Aikin wannan makon

Ɗalibanmu da suka zauna a gida wata takwas lokacin yajin aikin ASUU na 2022 sun san zafin lokacin da ya wuce a banza. Kada ka jira wani hutun dole kafin ka gwada. Zaɓi kwas ɗaya tak, ko lacca ɗaya daga cikin na Bloom. Kalle ta kashi-kashi yau, ka rubuta abin da ka tuna, ka ajiye takardar. Bayan kwana bakwai ɗauki sabuwar takarda ka sake rubutawa daga ka, sannan ka gwada biyun. Abin da ka gani a takarda ta biyu shi ne karatun da ya zauna, sauran kuma ka san inda za ka yi bita.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani. Sai mun haɗu a darasi na gaba.