Yadda Ido Ya Ke Gani

Kai mai karatu, da ido ka ke bin waɗannan baƙaƙe. To, ka san yadda ya ke aikinsa?

Ƙwayar ido kewayayya ce, girmanta bai kai na lemon tsami ba. Tana zaune cikin kogon ƙashi, tsoka shida ke juya ta. Gira tana tare gumi, gashin ido yana tare ƙura, hawaye kuwa shi ke wanke ta.

Dubi idon abokinka. A tsakiyar baƙin akwai wani ɗigo wanda ya fi sauran baƙi. Ƙofa ce, ta nan haske ya ke shiga. In rana ta yi ƙarfi sai ta tsuke, in duhu ya yi sai ta buɗe. Bayan ƙofar akwai wani abu garau kamar gilashin tabarau. Shi ke tattara haske, ya jefa shi bisa wata fata siririya a can bangon baya. Siffar abin da ka duba a kife ta kan sauka, watau kai ƙasa. Sa'an nan jijiya ta kai labari ga ƙwaƙwalwa, ita kuwa ta daidaita shi.

Mutanen dā da yawa sun zaci haske daga ido ya ke fita. Sai wani malami, Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965, ya zauna a Masar, ya nuna da gwaji cewa shiga ya ke yi.

Ba dukan halitta ke da ido irin naka ba. Tana ba ta da ido, amma fatarta ta kan rarrabe haske da duhu. Ƙuda kuwa, ƙananan idanu ne dubbai a haɗe. Masana halittu sun ce ido ya faro ne daga ɗan tabo mai jin haske, ya yi ta gyaruwa zuriya bayan zuriya. Cikin duwatsu sun sami sauran waɗansu halittun teku masu idanu, waɗanda suka wuce shekara miliyan 500.

Yanzu ga abin da ya shafe ka. In mutum ya tsufa, gilashin nan ya kan dushe, ya yi fari. Ita ce yana. Tana da magani. Likita ya kan cire wanda ya lalace, ya sa na roba a gurbinsa, gani ya komo. Amma mai tsira tsinke ya tura yana ciki, sau da yawa makanta ya kan jawo, wadda ba ta warkewa.

A Kano akwai asibitin ido wanda mishan suka buɗe a 1943. In mahaifinka ya fara ganin hazo, kada ka jira sai ya nemi ɗan jagora. Kai shi tun da wuri.