Darasi: Wa Zai Biya Kuɗin Magani?

A ƙasar Kontagora, da kaka manomi yake samun kuɗi, bayan ya sayar da masara ko dawa ko wake. Zazzaɓin cizon sauro kuwa da damina yake tsananta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Idan yaro ya kwanta a wannan lokaci, ko haihuwa ta zo da gardama, sai an sayar da akuya ko an ci bashi kafin a nufi Babban Asibitin Kontagora. Wani ma yakan tsaya jira har ciwo ya fi ƙarfin likita. A Nijeriya, fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa wajen neman lafiya daga aljihun jama'a yake fitowa kai tsaye.

Saboda haka ne waɗansu suke cewa lalle a kafa tsarin da kowa zai sami magani ba tare da an nemi kuɗi a hannunsa ba. Sukan kawo misalin Ingila, wadda take yin haka da kuɗin haraji tun 1948. Masu ja da wannan ra'ayi kuwa ba rashin tausayi ke gare su ba. Hujjarsu ita ce, duk abin da aka ce kyauta ne, wani ne ya biya. Sukan tuna da shekarun 1980, lokacin da mutum zai je asibiti a ce magani ya ƙare, a rubuta masa takarda ya tafi kanti ya saya. Wannan ne ya jawo shirin Bamako na 1987, watau a sayar da magani da sauƙi, a juya kuɗin a sayo wani.

Gwamnatin Tarayya ta bi hanyar tsakiya, watau inshorar lafiya: kowa ya riƙa zuba kaɗan-kaɗan cikin asusu guda, mai lafiya ya ɗauki nauyin mara lafiya, kamar dai gayya a gona. An yi dokar a 1999, aka fara aiki da ita a 2005. Amma ma'aikatan gwamnati ne suka fi cin moriyarta, gama mai albashi ne ake iya yankar wa kuɗi kowane wata. Dokar 2014 ta keɓe aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya domin kiwon lafiya matakin farko, sa'an nan ta 2022 ta wajabta inshora a kan kowa, ta kuma tanadi asusu domin marasa galihu.

A kan manomin nan ne gardamar ta fi zafi. Ba shi da albashin da za a yanka, ba kuwa kowane manomi ne za a kira mara galihu ba. In za a karɓi nasa kason, da kaka ya kamata a karɓa, lokacin da yake da hali. Shi ma yana da tasa tambayar: in ya biya, ya kai matarsa ɗakin shan magani a ƙauyen Mariga ko Rijau da tsakar dare, zai tarar da ungozoma?