Kada a Zuba Toka a Kan Rauni

Manomin Faskari da lauje ya yanka lokacin girbi kada ya tsorata da kumburi da ɗumin da ke biyo baya, aikin gyara ne. Jini kan daskare ya toshe wurin, fararen ƙwayoyin jini su share datti, bayan kwana 3 zuwa 5 sabon nama ya soma tsirowa. Wani zai ce ai kakanninmu toka da kashin shanu suke shafawa, kuma suna warkewa. Jiki ne ya warkar da su, wasu kuwa sarƙe-haƙora ta kashe, domin ƙwayarta a ƙasa da kashin dabbobi take zaune. A wanke da sabulu da ruwa mai tsabta, a rufe. In yankan ya yi zurfi, ko mugunya da zazzaɓi suka bayyana, a garzaya babban asibitin Ƙanƙara ko na Funtuwa.